Daga Burlington Zuwa Stowe: Ɗaliban da Ke Tsere a Kan Dusar Ƙanƙara

Jihar Vermont tana kusurwar arewa maso gabashin Amurka, ta yi iyaka da lardin Kwibek na ƙasar Kanada, kuma mutanenta duka ba su kai 700,000 ba. Wani aiki ne ya kai ni Boston a tsakiyar hunturu, amma da ƙanen wani abokina, ɗan Zariya da ke karatun digiri na uku a Jami'ar Vermont, ya ji labarin ina ƙasar, sai ya matsa mini lamba cewa lallai in zo in ga wani abu da idona. Abin da yake nufi shi ne ɗaliban jami'arsu da ke karawa da zakarun duniya a tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, alhali kuwa kowannensu yana da lacca da jarrabawa da ke jiransa kamar sauran ɗalibai. Ban san komai game da wannan wasa ba in ban da ɗan abin da nake gani a talabijin lokacin gasar Olamfik ta hunturu, amma na amsa gayyatar.

Burlington, birni mafi girma a jihar, yana kan gangaren da ya sauka zuwa tafkin Champlain, jami'ar kuma, wadda aka kafa a 1791, tana can saman tudun. Idan mutum ya tsaya a harabarta ya dubi yamma zai hango duwatsun Adirondack na jihar New York a ƙetaren tafkin, idan ya juya gabas kuma zai ga jerin duwatsun Vermont, waɗanda mafi tsayi a cikinsu shi ne Mansfield mai mita 1,339. A gindin wannan dutsen garin Stowe yake, kuma can ne tawagar jami'ar ke yin atisaye da karɓar baƙi a gasa. Tafiyar mota ce da ba ta kai awa guda ba, kuma wannan kusanci shi ne jarin jami'ar, wadda ta lashe kofin zamiya na jami'o'in Amurka sau shida, na farko a 1980, na baya-bayan nan kuma a 2012.

Tseren gangarowa daga dutse iri-iri ne, amma biyu kaɗai jami'o'i ke yi. Akwai silalom, inda ake kafa sanduna kusa da juna, tazarar da ba ta wuce mita 13 ba, ɗan tsere ya riƙa juyawa dama da hagu a tsakaninsu cikin hanzari. Akwai kuma babban silalom, inda tazarar ta fi faɗi, gudun kuma ya fi yawa. A kowanne ana saukowa sau biyu a kan shiri daban-daban, a haɗa lokutan biyu, wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ne ya ci. Agogon yana auna har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma sau da yawa abin da ke raba na ɗaya da na biyu bai kai daƙiƙa guda ba.

Labarin da mai masaukina ya fi son bayarwa shi ne na Paula Moltzan, kuma shi ne ya zama mini jagora a duk wuraren da muka je. An haife ta a 1994 a Minnesota, jihar da ba ta da manyan duwatsu, ta koyi tsere a wani ɗan tudu mai suna Buck Hill a kudancin Minneapolis, wanda tsayinsa bai wuce kimanin mita 100 ba. A wannan tudun ne fitacciyar 'yar tseren Amurka Lindsey Vonn ma ta taso, a hannun wani koci haifaffen Austriya mai suna Erich Sailer, wanda ya gane amfanin gajeren tudu, domin yaro zai sauko ya koma sama ya sake saukowa ba adadi a yammaci guda, har juyi tsakanin sanduna ya zame masa jiki. Moltzan ta fara shiga gasar Kofin Duniya, wato jerin gasar da manyan 'yan tsere ke yi duk hunturu, a 2012, kuma a 2015 ta zama zakarar matasa ta duniya a silalom a Hafjell ta ƙasar Norway. Shekara guda kacal bayan wannan nasara tawagar ƙasar Amurka ta sallame ta, saboda sakamakonta a tsakanin manya bai kai yadda ake so ba. A lokacin shekarunta 22.

Sallama daga tawagar ƙasa babban al'amari ne a wannan wasa, domin tawagar ce ke samar da koci, da filin atisaye, da mai gyaran kayan tsere, da tsarin tafiye-tafiye zuwa Turai inda yawancin manyan gasa suke. Wanda aka cire yakan wayi gari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa da yawa sukan ajiye wasan nan take. Ita sai ta nemi gurbin karatu a Jami'ar Vermont, ta shiga fannin kimiyyar halittu, ta sa rigar tawagar jami'a mai launin kore da ruwan zinare. A watan Maris na 2017, tana shekararta ta farko, ta lashe silalom na gasar jami'o'in ƙasar a dutsen Cannon da ke New Hampshire.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sharuɗɗan da hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta gindaya, domin da farko na ɗauka karatun irin waɗannan 'yan wasa na jeka-na-yi-ka ne. Ɗan wasa ba zai shiga gasa ba sai yana cikakken ɗalibi mai ɗauke da nauyin darussan da ba su gaza maki 12 ba a zangon karatu. Kafin ya shiga shekara ta uku dole ya kammala kashi 40 cikin ɗari na abin da digirinsa ke buƙata, kafin ta huɗu kashi 60, kafin ta biyar kashi 80, kuma idan matsakaicin sakamakonsa ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙayyade, to, ya zama ɗan kallo. An ba shi kakar wasa huɗu ne kawai da zai yi cikin shekara biyar. Su ma masu horarwa an taka musu burki, ba za su riƙe ɗalibi fiye da awa 20 a mako ba a lokacin kakar wasa, kuma sai sun ba shi hutun yini guda. A takarda abin ya yi kama da sauƙi, amma awa 20 ɗin ba ta ƙunshi zaman mota zuwa dutse da dawowa ba, ba ta kuma ƙunshi daren da ɗalibi zai raba yana gyaran kayansa ba.

Wannan gyaran na gan shi da idona a ɗakin ƙasa na wani gida da wasu ɗalibai ke haya, inda mai masaukina ya kai ni da daddare. Wani saurayi ya ɗaure allon zamiyarsa a kan benci, gefen ƙarfen yana kallon sama, yana bin sa da magagari a hankali daga kai zuwa wutsiya, sannan ya bi da dutsen washi mai laushi. Da ya gama sai ya goga bayan farcensa a kan kaifin, ya nuna mini yadda ya kankare farcen, alamar cewa zai kama ƙanƙara. Daga nan ya narkar da kaki da wani irin dutsen guga, ya shafe ƙasan allon, ya bari ya huce, ya kankare da wani faifan roba, ya bi da buroshi har ya yi sheƙi. A gefen bencin kwamfutarsa tana buɗe, muryar malami tana fita daga laccar lissafi da aka naɗa, wadda atisaye ya hana shi halarta da safe. A Kofin Duniya kowane babban ɗan tsere yana da ma'aikacin da wannan ne kaɗai aikinsa, a jami'a kuwa ɗalibi ne mai yi wa kansa.

Ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci a South Burlington, inda na tarar da Somaliyawa da 'yan Bosniya da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma a sahu guda, muka ɗauki babbar hanya mai lamba 89 zuwa Richmond. Mai masaukina ya ce, "Yaya, kafin ka ga babban dutse, gara ka fara ganin inda abin ya samo tushe." A bayan wani gidan gona kusa da kogin Winooski akwai wani ɗan tudu da Mickey Cochran da matarsa Ginny suka kafa wa injin jan mutane a 1961 domin 'ya'yansu su riƙa atisaye bayan an tashi daga makaranta. 'Ya'yan nan huɗu, Marilyn da Barbara Ann da Bob da Lindy, duk sun wakilci Amurka a Olamfik. Barbara Ann ta ci zinare a silalom a Sapporo a 1972 da ratar kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa, ɗanta Ryan Cochran-Siegle kuma ya ci azurfa a Beijing a 2022, shekara 50 cif bayan nasarar mahaifiyarsa. Bob ya zama likita, shi kuwa Mickey ya taɓa horar da tawagar Jami'ar Vermont. Yanzu wurin yana hannun wata ƙungiya ce da ba ta neman riba, kuma manufarta ita ce kada rashin kuɗi ya hana yaro koyon wasan. Injin nasu igiya ce mai kauri kamar igiyar guga, tana zagayawa ba tsayawa, yara 'yan shekara biyar da shida suna cafke ta da safar hannu tana jan su sama, su saki su gangaro, su sake cafkewa, iyayensu kuma suna tsaye a ƙasa da kofin shayi suna hira.

Washegari tun kafin gari ya waye muka kama hanyar Stowe, muka ratse a Waterbury muka bi hanya mai lamba 100, daga nan muka hau hanyar dutse, wadda ake rufe ƙarshenta duk hunturu saboda mashigin Smugglers' Notch ba ya biyuwa. Jami'o'in gabashin ƙasar, irin su Dartmouth da Middlebury da New Hampshire da Harvard da Williams da Bates da Colby, suna haɗuwa ne a ƙarshen mako daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, kowane mako wata jami'a ta karɓi baƙuncin sauran. Ranar da muka je silalom ake yi a ɓangaren da ake kira Spruce Peak. Sanyin ya wuce duk abin da na taɓa sani, har gashin hancina ya daskare, amma ɗaliban da suka sauko daga motocinsu kamar ba su san ana yi ba.

Kafin a fara tsere akwai duba hanya. 'Yan tseren sukan sulalo a karkace a hankali, suna tsayawa a kowace sanda suna nazarin inda gangaren ya karye da inda sandunan suka matse. Da suka iso ƙasa na ga wata ɗaliba ta koma gefe ta rufe ido, ta haɗa tafukan hannunta tana karkata su dama da hagu, kafaɗunta suna bi, tana maimaita hanyar a zuciyarta daga sandar farko zuwa ta ƙarshe. Haddar ce ke ba su damar gudu, domin idan an fara babu lokacin tunani. Shi kansa filin ba dusar ƙanƙara mai laushi ba ce irin wadda masu yawon shaƙatawa ke so, an daddale ta ne har ta yi tauri, kuma da na gwada taka gefenta da takalmina sai da wani mai gadin sanda ya riƙe mini hannu.

Talabijin ba ta nuna tsinin gangaren, ba ta kuma kawo ƙarar yadda take. Ɗan tsere yana sanye da hular kwano mai kariyar haɓa, da garkuwar roba a ƙwaurinsa da bayan hannunsa, domin ba ya kewaye sanda, allunansa ne kaɗai ke zagayawa ta bayanta, shi kuwa jikinsa ya bi ta kanta ya doke ta da hannu da ƙwauri ta kwanta ta sake miƙewa. Tun kafin a hango shi ake jin tas, tas, tas na dukan sanduna, haɗe da kukan ƙarfe yana yankar ƙanƙara. Saukowa guda ba ta cika kai minti ɗaya ba. Wani ɗalibi da ake ganin zai yi nasara ya zo da gudu mai ban tsoro, sai sanda guda ta shiga tsakanin ƙafafunsa, nan take ya miƙe ya zame gefe ya sunkuyar da kai, domin dokar ba ta da sassauci, wannan kuskure kaɗai ya fitar da shi daga gasar ranar. A zagaye na biyu kuma ana juya jerin mutum 30 na farko, na talatin ya fara, wanda ke kan gaba ya zo ƙarshe bayan sauran sun farfasa hanyar sun bar masa ramuka.

A tsakanin zagayen biyu muka shiga zauren hutawa don mu ji ɗumi, kuma a nan ne na ga ɗayan ɓangaren rayuwarsu. Teburori sun cika da 'yan tsere da suka kwance maɓallan takalmansu, rigunan tseren a zuge zuwa ƙugu, wasu suna cin ayaba da burodi, wasu kuma sun duƙufa a kan littafi. Wata ɗaliba daga wata jami'ar New Hampshire tana zana sarƙoƙin sinadarai a takarda, lambar tserenta tana rataye a wuyanta. Ta gaya mini cewa kusan duk Juma'ar zangon hunturu ba ta aji, don haka tun farkon zango take zagayawa ofisoshin malamai da jadawalin gasa a hannu, kuma darussan da ke da aikin ɗakin gwaje-gwaje takan tura su zuwa kaka ko bazara. Ta ce akwai lokacin da ta rubuta jarrabawa a ɗakin otal, kocinta yana zaune a bakin ƙofa a matsayin mai sa ido.

A irin wannan hali ne Moltzan ta sake neman hanyar komawa cikin manya. A Nuwamban 2018 ta sami damar shiga gasar Kofin Duniya da ake yi a Killington, a nan cikin Vermont, ta shiga cikin 30 na farko ta sami maki, daga nan ta riƙa raba hunturun tsakanin Turai da aji. Ba ita kaɗai ba ce a tawagar. Abokiyar karatunta Laurence St-Germain, 'yar Kwibek da ke karanta kimiyyar kwamfuta, ta je Olamfik ta 2018 a Koriya ta Kudu tana ɗaliba, kuma a Maris na 2019, da aka yi gasar jami'o'in ƙasa a nan Stowe, ta lashe silalom da babban silalom duka. Bayan ta gama digirinta ta shiga karatun injiniyan kayan asibiti a Montreal, tana cikin wannan karatun ne kuma, a Fabrairun 2023 a Méribel ta Faransa, ta doke tauraruwar Amurka Mikaela Shiffrin ta zama zakarar duniya a silalom, abin da wata 'yar Kanada ba ta yi ba tun 1960. Ita kuwa Moltzan ta koma tawagar ƙasa, ta zo ta biyu a Lech ta Austriya a 2020, sannan a Disamban 2022 ta bi bayan Shiffrin a silalom na Semmering. Rabon da matan Amurka biyu su ɗauki na ɗaya da na biyu a silalom na Kofin Duniya tun 1971, kuma waɗanda suka yi hakan a wancan lokaci su ne Marilyn da Barbara Ann Cochran, 'yan tudun nan na Richmond. A 2023 Moltzan tana cikin tawagar Amurka da ta ci zinare a gasar duniya, tare da Nina O'Brien da Tommy Ford da suka yi karatu a Dartmouth, a 2025 kuma ta ci tagulla a babban silalom a Saalbach tana da shekara 30.

A ganina amfanin tsarin yana nan a fili. Tawagar ƙasa tana yanke hukunci a kan matashi yana da shekara 21 ko 22, alhali a silalom da yawa ba sa nuna sai sun doshi 30, jami'a kuwa tana ba shi shekara huɗu na koci da filin atisaye da gasa mai zafi, kuma ko da bai koma cikin manya ba zai fita da digiri a hannu. Amma ban bar Stowe ina yabon komai ba. Wasan na masu hali ne. Tikitin hawa babban dutse na yini guda ya haura dala 100 nesa ba kusa ba, kuɗin makaranta ga ɗalibin da ba ɗan jihar ba ya wuce dala 40,000 a shekara, kuma yawancin waɗanda ke samun gurbi a tawagar sun fito ne daga makarantun sakandare na musamman irin su Burke Mountain Academy, inda Shiffrin ta yi karatu, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Jami'ar Vermont tana ba da tallafin karatu saboda wasa, amma Dartmouth da Harvard ba sa bayarwa, sai dai tallafin da ya danganci ƙarfin iyaye. Tudu irin na Cochran yana buɗe wa ɗan talaka ƙofar farko, amma tsakanin wannan igiya da tawagar jami'a akwai tafiya mai tsada.

Wani uba da muka tsaya tare a bakin shingen ƙarshe ya kawo wani ƙorafin daban, cewa jami'o'i suna ɗauko ƙwararru daga Norway da Kanada da sauran ƙasashe, waɗanda suka girmi 'ya'yansu kuma suka riga suka goge, su cinye guraben. Ƙorafin yana da tushe, domin a gasar ƙasa kowace jami'a maza uku da mata uku kawai za ta kai a tseren dutse, da wasu shida a tseren zamiya mai nisan zango a fili, a haɗa makinsu duka a fitar da zakara. Sai dai baƙi sun daɗe a cikin wannan harka. Chiharu Igaya na Japan yana ɗalibi a Dartmouth ne lokacin da ya ci azurfa a silalom a Cortina ta Italiya a 1956, lambar farko da ƙasarsa ta taɓa samu a Olamfik ta hunturu. Kuma da a ce gasar jami'o'i ba ta da irin su St-Germain, da ba ta yi zafin da za ta mayar da wadda aka sallama zuwa Kofin Duniya ba.

Bayan an gama zagaye na biyu na sake haɗuwa da ɗalibar nan mai zanen sinadarai tana ɗaure allunanta biyu-biyu da madauri. Ba ta shiga cikin goma na farko ba, kuma a tawagarsu akwai mata uku da suka fi ta maki, saboda haka ta san ba da ita za a je gasar ƙasa a watan Maris ba. Ta ce wannan ce kakarta ta huɗu kuma ta ƙarshe, ta fara tsere tun tana 'yar shekara bakwai, kuma ta riga ta yi wa wata 'yar ajin farko alkawarin sayar mata da kayanta idan an rufe kaka. Takardunta na neman shiga makarantar koyon likitanci suna hannun jami'o'i uku, tana jiran kiran ganawa. Kocinsu ya ɗaga murya daga wajen mota cewa a yi sauri, ta saɓa allunan a kafaɗa ta yi mana sallama, mu ma muka nufi inda muka ajiye tamu motar don mu isa Burlington kafin magariba, wadda a wannan lokaci na shekara take yi tun wajen ƙarfe biyar.